Ƙwaya Biyu da Na Ɗura wa Saniyar Inna

Shekarun baya, lokacin ina zaune gida a Wurma, mahaifiyata tana da wata farar saniya da ta gada daga mahaifinta. Ita kaɗai ce dukiyarta a duniya. Saniyar ta haihu sau uku, daga nan ta shekara biyu ba ta ɗauka ba. Kawuna, yayan Inna, ya dage cewa ta zama juya, a kai ta kasuwa tun tana da nama a jiki. Inna ba ta iya yi masa musu, sai dai ta ce a ƙara mata damina ɗaya.

A wannan tsakanin na ji labarin wani likitan dabbobi da ke zuwa Kurfi yana yi wa shanu barbarar zamani, wato a zuba wa saniya maniyyin bijimi da ɗan bututu. Da na kawo wa Inna maganar, dariya ta yi har da riƙe haɓa, ta ce ita dai ba ta taɓa jin saniyar da ta haihu ba ta ga sa da idonta ba. Na yi ta lallashi har ta yarda. Kawu ya ce to, amma wannan ne na ƙarshe, in bai kama ba shi da kansa zai ja igiyar.

Ranar da saniyar ta nemi barbara likita ya zo a babur ya yi aikinsa. Yana wanke hannu ya yi mini bayani. Ya ce abin da zai samu a cikinta, a kwanakin farko bai kai ƙwayar gero ba, kuma bai manne da mahaifa ba tukuna, sai ya yi makonni yake kama wuri. Kada a kore ta da gudu, kada a kai ta kiwo nesa, kada a ba ta wani magani sai an tambaye shi. In kwana ashirin da ɗaya ya wuce ba ta sake nema ba, mu sa rai. Na yi ta cewa "to, likita" kamar mai fahimta.

Damina ta faɗi, saniyar ta ci ɗanyar ciyawa ta soma zawo. A wajenmu kowa ya san da farkon damina ake ba dabbobi maganin tsutsa, haka muka tashi muka gani. Ranar kasuwar Dutsin-Ma na sayo manyan fararen ƙwayoyin nan. Ba zan ce na manta gargaɗin likita ba, ƙarya zan yi. Raina shi na yi, na ce su 'yan boko komai sai sun tsorata mutum. Mai maganin ya ce ɗaya ta isa. Ni kuwa da nawa ilimin na ce ai mai ciki ta biyu take ci, na jiƙa guda biyu a kwalba na ɗura mata a bayan rumbu, Inna tana can tana daka.

Bayan kwana uku na haɗu da likita a bakin tasha. Ya tambayi lafiyar saniya, ya ce yana fatan ba a ba ta komai ba. Na ce ko kanwa ba ta lasa ba. Ya ce madalla, don mutane kan ɓata masa aiki da farar ƙwayar tsutsar nan, ita ce ke iya kashe ciki tun bai zama komai ba. Ban san yadda na kawo kaina gida ba.

Daga ranar na zama mai gadin turke. Da safe in duba ƙarƙashin wutsiyarta, da yamma in sake dubawa. In ta yi kuka gabana ya faɗi, in ta yi shiru ma ya faɗi. Na daina cin tuwon kirki. Inna ta ɗauka tausayin halin da take ciki ne ya ramar da ni, har tana sa mini albarka, ni kuwa kowace albarka kamar an ɗora mini dutse.

Kwana ashirin da ɗaya ya wuce lafiya. Inna ta dama fura ta yi sadaka, ta gaya wa maƙwabciyarmu, aminiyarta tun suna amare. Matar ta leƙo ta ce kai, wannan saniya ta yi kyau, har ƙyalli take. Ni ma na soma sakin jiki, na ce ashe na tsira.

Wajen kwana arba'in, wata safiya, na tarar da saniyar tana kuka tana zagaya turke, yauƙi na zuba a bayanta. Da shanun unguwa suka zo wucewa ta tsinke igiya ta hau bayan wata karsana. Ko yaro ya san ma'anar wannan. Cikin ya tafi.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta zauna ta yi lissafinta, ta ce kambun baka ne, maƙwabciya ta yaba saniya ba ta ce masha Allah ba. Ta daina gaishe ta, ta mayar mata da turmin da ta ara. Kawu ya aiko cewa kasuwa mai zuwa ta sama za a tafi da saniya. Kwana tara ina kallon wannan duka, bakina a rufe.

A na goma na sami Inna tana tsince wake, na durƙusa na faɗi komai, har da ƙaryar da na yi wa likita. Ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana. Ta ɗago ta ce, "Kai wannan, saniya dabba ce, Allah ya bayar ya karɓa. Amma ka zauna kana kallona ina ɗaukar alhakin baiwar Allah kwana tara?"

Na ce, "Inna, tsoro na ji."

Ta ce, "Ɗauko mini mayafina. Kai za ka shiga gaba, kai za ka yi mata bayani da bakinka."

Haka na tsaya a tsakar gidan mutane, da gemuna, ina ba da labarin ƙwaya biyu. Daga can ta tura ni wurin kawu. Ya zage ni son ransa, amma ya yarda saniyar da ta riƙe ciki har ta tsallake lokacinta ba juya ba ce, ya janye maganar kasuwa. Aka sake kiran likita, wannan karon Inna ce ta riƙe igiya, ni kuwa aka hana ni ko ba saniyar ruwa. Wata tara da 'yan kwanaki ta haifi maraƙa.

Na taɓa tambayar likitan ko lallai maganina ne ya zubar da na farkon. Ya ce ba zai rantse ba, ciki a wannan matakin yakan lalace ko ba a yi masa komai ba, sanin gaskiyar sai Allah. Na so wannan amsa ta sanyaya mini rai, ba ta sanyaya ba. Abin da ya mutu a cikin saniyar ban san ko ni na kashe shi ba. Amma kwana taran da mata biyu suka yi ba sa ga maciji, alhali kalma ɗaya daga bakina ta isa, wannan babu likitan da zai ce mini wataƙila ba ni ba ne.