Lamba Sittin da Uku a Gwangwanin Remei

Ranar Lahadi ana tsakiyar addu'a a coci, maƙwabciyata Remei ta buɗe jaka za ta ciro hankici, sai jakar ta kife. Ƙananan littattafan takardar naɗa taba suka watse har gindin limamin coci. Wanda ya fi nisa kuma, don tsiya, hoton ganyen wiwi ne shimfiɗe a bangonsa. Tsohuwa mai shekara saba'in da takwas ta durƙusa tana tsince su ɗaya-ɗaya, tana hure musu ƙura. Ni na raɗa mata suna Kakar 'Yan Wiwi tun kafin mu fita ƙofa, ban kuwa yi nadama ba sai da 'yarta ta ji.

Remei ko hayaƙin murhu ba ta so. Amma a nan Alcoy wa bai ci abinci da takardar nan ba? Tana 'yar sha huɗu ta zauna benci ɗaya da uwarta a masana'anta, suna ninke takarda da ta fi ɓawon albasa sirantaka, har yatsu su tsage. A lokacin kowace mai ninki tana cusa 'yar takarda mai lambarta a cikin littafin, don in an samu kuskure a san wadda za a zaga. Lambar uwarta sittin da uku.

Lambar nan take nema. Shekara talatin tana bin kasuwar tsofaffin kaya, ta cika gwangwanayen biskit goma sha ɗaya, har da lofe da kwalayen ashana. Masu tara irin kayan nan ba sa buɗe littafi, wai in an buɗe ya lalace. Remei tana saya take farke hatimin a gaban mai sayarwa. Wani daga Valencia har hawaye ya yi. Sau tara kawai ta ci karo da hannun uwarta.

To ita wannan 'yar tata, Empar, mai kantin magani, ita ce ta zo ranar Litinin da baƙaƙen ledoji uku. Wai an kunyata ta a coci, wai masu zuwa kanti suna tambayarta ko tsohuwa na da na sayarwa, wai yau kayan 'yan shaye-shaye za su bar gidan. Ina leƙe ta taga, raina ya ɓaci. Yarinyar da na sani da majina har leɓe! Na ce mata in kunya ce ta zo ta zage ni, ni na raɗa sunan. Ta ce in mayar da kaina ciki kafin taga ta datse shi.

Ta riga ta ɗauki gwangwanin da littattafai taran nan suke ciki. Remei ba ta ko tashi ba, tana juya tukunyar wakenta.

Empar ta ce, "Mama, shara ce fa. Takardar mashaya."

Remei ta ɗanɗana gishiri, ta ajiye cokali.

"To, 'yata, zuba. Amma duk abin da takardar mashaya ta kawo gidan nan ledar nan zai shiga. Fara da takardar shaidar karatunki da kika rataye a kanti, sannan ki dawo ki shiga ta ukun, ni zan ɗaure bakin."