Yadda Na Rage wa Kaka Haske

Kowace shekara, da zarar an gama ɗaurin gero an kai rumbu, kakata ta wajen uwa takan baro ƙauyensu da ke bayan Kurfi ta zo Dutsin-Ma ta yi wata guda. A gidanmu take sauka. Tana da ɗa a garin, Kawu, mai shagon kayan gini, amma gidansa sai dai ta je ta wuni ta dawo.

Ni ne dalili, ko kuma haka na ɗauka. Idanun Kaka sun fara yana, talabijin ɗinmu kuwa tsoho ne mai ƙatuwar ƙeya, hotonsa kullum kamar ana yayyafi. Ba abin da take so irin tashar namun daji, don cikin shanu ta tashi. Bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma ta kira ni da sunan da kakanni ke tsokanar jikokinsu maza da shi.

"Maigida, aje littafin nan ka zo ka yi mini ido."

Ni ba mai magana ba ne. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Amma a gefen Kaka bakina yakan buɗe. In ce mata ɓauna ce guda bakwai a bakin ruwa, ɗaya tana ɗingishi da ƙafar baya ta hagu, Baturen da ke bayani a tashar kuma yana cewa ruwan ya kusa ƙafewa. Ba na ƙari, ba na ragi. In ban san wata kalma ba sai in rubuta, in duba ƙamus, washegari in kawo mata. Takan gaya wa maƙwabta cewa jikanta ya fi tabarau.

Shekarar da nake aji biyar na sakandare, Kawu ya sayi sabon talabijin. Faɗinsa ya kusa kai ƙyauren ɗaki, ba shi da kauri, an manna shi a bangon falo. Aka kafa babban farantin tauraron ɗan adam a tsakar gida, aka ja sifikoki kusurwa-kusurwa, ga sola ba ruwansu da ɗauke wuta. Ranar da Kaka ta je wuni na raka ta, ina riƙe da jakarta.

Aka kunna mata tashar tata. Na zauna kusa da ita kamar yadda na saba, na gyara murya.

"Wannan wata giwa ce, da ɗanta a..."

"Na gani," in ji ta. "Har ƙudan da ke bakin idonta na gani. Dubi kunnenta, ƙaya ta yage shi."

Gaskiya ta faɗa. Ana ganin kowace tsaga ta fatar giwar, ana jin numfashinta ta bayan kai. Kaka ta matsa gaba har bakin tabarma, ta shiga ƙirga dabbobi da kanta tana yi musu faɗa. Na gwada fassara mata abin da Baturen ke cewa, ta ɗaga mini hannu ba tare da ta juyo ba.

"Bar shi ya yi ta surutunshi. Shi ma kallo yake kamar ni."

Da magariba ta gabato ta ce in je in gaya wa Inna, mahaifiyata, a aiko mata da kayanta. Bana a gidan Kawu za ta zauna.

Na kai kayan da kaina. Kullum kuma in na taso makaranta sai in biya in gaishe ta, in zauna a kusurwa da littafi a cinya, ba na karanta komai. Ina jin ta tana dariya da 'ya'yan Kawu, waɗanda ko sunan barewa ba su sani ba. Na tsani talabijin ɗin nan kamar yadda ake tsanar mutum. In aka yabe shi sai in ce launinsa ya yi yawa, ciyawar gaskiya ba ta kai haka kore ba. Ba wanda ya kula ni.

A cikin kwalinsa da aka jingine a zaure na tsinci ɗan littafin bayaninsa, ko ledarsa ba a yage ba. Na tafi da shi gida na karance shi tas. A nan na gane cewa hasken hoton da kaifinsa duk lambobi ne, ana ƙarawa ana ragewa da rimot.

Kaka takan tashi sallar la'asar, yara su tafi Islamiyya, falon ya zama ba kowa. Ranar farko na rubuta lambobin yadda na same su a bayan littafin lissafina, sannan na rage uku daga haske, uku daga kaifi. Washegari na ƙara rage uku. Na san in na yi da yawa lokaci guda za a gane. Masu lafiyar ido ba su lura ba. Kawu ne kawai ya taɓa cewa kamar hoton ya ɗan yi duhu, ya sa aka goge gilashin da tsumma.

A rana ta shida Kaka ta juyo wajen kusurwata.

"Maigida, mi ke tahiya can bayan icen nan?"

Ba zan ɓoye ba, daɗi ya cika ni. Na taso na zauna a wurina, na ce kura ce, tana jan wani abu da baki. Kwana uku ina yi mata ido kamar da. Na lura ta rage dariya, ba ta yi wa dabbobi faɗa, amma na ce a raina gajiya ce.

Ranar Alhamis na tarar da jakarta a ɗaure a bakin ƙofa. Kawu yana durƙushe gabanta yana lallashi.

"Hajiya, ki yi haƙuri zuwa Litinin mu je asibiti a Katsina a duba idon. Aiki ne na ɗan lokaci."

"Ba mai sa mini wuƙa a ido," in ji ta. "Ka kai ni gida gobe. Abin da nake gani tar makon jiya, yau sai hayaƙi. In haka yake sauri, ba zan kai damina ba. Ina so in ga ɗakina da awakina tun da sauran gani."

Ta ciro allura da zaren da take ɗinke ƙwarya da su daga bakin zani ta miƙa wa matar Kawu, ta ce ta riƙe, ita ta gama da su.

Na jira har Kawu ya koma shago, Kaka ta shiga sallah. Na buɗe bayan littafin lissafi, na mayar da kowace lamba wurinta. Da ta fito ta zauna, ta daɗe tana kallon bangon. Wasu tsuntsaye ne farare a bayan ɓauna. Ta rufe ido ɗaya, ta buɗe, ta rufe ɗayan.

"Kaka," na ce, kaina a ƙasa, "ba idonki ba ne. Ni na rage."

Sai da na maimaita, don ba ta ji ba. Na nuna mata rimot ɗin da lambobin, na yi mata bayani dalla-dalla, har da ranakun. Ta saurara har na gama.

"Don mi?"

"Kin daina kirana."

Ina jiran ta kira Kawu, sai ta miƙo hannu ta karɓe rimot ɗin.

"Kwana uku ban runtsa ba saboda kai. Miji mai kishi da bango, ban taɓa gani ba. Matsa, ka tare mini tsuntsaye."

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce wa Kawu idon ya washe, ta kwance jaka, ta karɓi allurarta. Amma ba ta dawo gidanmu ba, a shekarar da ma waɗanda suka biyo baya. In na shigo falon sai ta ɗauki rimot ta tura ƙarƙashin cinyarta, a gaban kowa. Nakan zauna a kusurwata. Wani lokacin, sau ɗaya a wuni, takan ce, "Mi Baturen ya ce?" Sai in faɗa mata daidai, ta gyaɗa kai ta koma kallonta.

Talabijin ɗin yana nan a bangon Kawu har yau. Duk wanda ya shiga sai ya yaba. Ni dai har yanzu ina ganin korensa ya yi yawa.