Addu'ar da Na Yi wa Mijin Hajja

A bazarar da ƙodar matata ta daina aiki, zamana ya koma gindin wata darbejiya a harabar asibiti. Da safe in taso daga gidanmu a unguwar Wulari da tabarma da kwanon kunu, in shiga in gan ta. Idan likita zai zagaya sai nas ta fitar da mu, kowane mai jinya ya nufi bishiyarsa. Tawa tana kusa da famfon da ba ya kawo ruwa.

Wankin ƙoda muke jira. Injinan wurin sun lalace, saura guda ɗaya, shi ma ya tsaya, ana jiran a kawo wani ƙarfensa daga wani gari. Ma'aikatan ba su ɓoye mana komai ba. Sun ce idan ya tashi za a fara da wanda ya fi jin jiki, kuma ba su san ko zai jure aiki ba. Matata ta kumbura har takalmi ba ya shiga ƙafarta. An hana ta ruwa sai ɗan kurɓi, a irin zafin nan na Maiduguri da ko inuwa ba ta da sanyi. Nakan sayo ƙanƙara in fasa, in sa mata gutsure a kan harshe.

Tun ina yaro, kafin a kai ni boko, wani maƙwabcin mahaifina ya koya mini ajami tare da 'ya'yansa, kuma hannuna bai taɓa sakinsa ba. Har na tsufa, idan wata aya ta kama ni, da ajami nake rubuta ta. Matata ta daɗe tana yi mini tsiya a kan haka, wai dattijon coci da hannun malamai.

Ayar da ta kama ni a wannan zaman tana cikin Bishara. Labarin wani tafki ne da marasa lafiya suke kwance kewaye da shi suna jiran ruwan ya motsa, domin wanda ya riga shiga shi ke warkewa. Akwai wani mutum da ya yi shekara da shekaru a wurin. Da Almasihu ya tambaye shi ko yana so ya warke, kukan da ya kai shi ne ba shi da mai saka shi a ruwan, kullum wani ke riga shi. Na sha yin wa'azi a kan wannan wuri. Nakan ce wa jama'a mu zama masu ɗaukar 'yan'uwanmu zuwa bakin ruwa. Yanzu ga matata tana da mai ɗaukarta, ga ni a zaune, amma ban ga amfanina ba.

Wata rana da hantsi ina rubuta ayar a bayan kwalin magani, sai wata dattijuwa Babarbariya ta tsaya a bakin tabarmata. Ta durƙusa, ta ajiye dabino a gefe.

"Wushe, Malam," ta ce. "Ka taimaka ka yi wa maigidana rubutun sha. Yana ɗakin maza, ba ya ko gane ni."

Na ce, "Hajja, ni Kirista ne. Abin da kika ga ina rubutawa daga Littafi Mai Tsarki yake."

Ta dubi kwalin, ta dube ni, ta sake duban kwalin. "Kirista da wannan hannu? Ai ko a malaman Shehuri ba kowa ke ja haka ba." Ta ɗan yi dariya, sannan ta gyara lafayarta. "To, a bar rubutu. Amma baki fa? Kana roƙon Allah ko ba ka roƙo?"

"Ina roƙo."

"To ka sa shi a ciki. Idan injin nan ya tashi, Allah ya sa da shi za a fara."

Na ce mata, "Hajja, matata ma injin nan take jira."

Na ɗauka za ta kwashe dabinonta ta tafi. Sai ta ce, "Ka roƙa wa su biyun. Allah ba ya rasa yadda zai yi."

An umarce mu mu so wa maƙwabci abin da muke so wa kanmu. Na yarda da wannan tun ina saurayi. Sai dai ban taɓa tambayar yadda ake yi ba idan abin da ake so ɗin guda ɗaya ne tak. Na sunkuyar da kai, ita ta buɗe tafin hannuwanta, na roƙi Ubangiji ya tashi injin, ya dubi mijin wannan baiwar Allah, ya dubi matata. Ta ce amin, ta shafa fuska, ta koma wajen tabarmarta.

Da aka bar mu muka shiga, na ba matata labari. Numfashi na yi mata wuya, amma bakinta na nan.

"Ka yi daidai," ta ce. "Sunan wa ka fara ambata?"

"Naki mana."

"Kai, Baban yara, ka ji tsoron Allah. Ni da na san ka? Ko a gida baƙo kake fara zuba wa miya, ni in suɗe tukunya."

Muka yi dariya, har tari ya sarƙe ta, na ɗaga mata kai.

Bayan 'yan kwanaki injin ya tashi. Labari ya bi gindin bishiyoyi kafin ma nas ta fito. Likita ya kira ni gefe ya yi mini bayani a hankali, cewa mijin Hajja ya fita hayyacinsa, idan aka jinkirta ba zai kai gobe ba, matata kuwa tana magana, ita ce ta biyu. Da ni ne likitan, haka zan yi. Na zauna a kan benci ina jin ƙarar injin ta bayan ƙofa, ina cewa a raina, Ubangiji, ka riƙe injin nan ya kai gare ta. Aka gama wa mutumin da la'asar. Ana shirin shigar da matata, injin ya sake tsayawa.

Hajja ba ta sani ba tukuna. Ta zo da sauri har ɗakin mata tana nemana, fuskarta duk hawaye. "Malam, ya buɗe ido! Ya kira sunana! Addu'arka ta karɓu." Sai ta ga matata a kan gado da zanen fita a jikinta, ta ga nas tana mayar da keken marasa lafiya. Ta rufe bakinta da hannu.

Matata ce ta yi magana. "Barka, Hajja. Allah ya ƙara sauƙi." Da matar ta fita, ta juyo gare ni. "Ka gani? Addu'arka tana da ƙarfi. Hanya kawai ta ɓace mata."

Ban iya dariya ba a wannan karon.

Ba a gyara injin ba sai bayan mun binne ta. Na yi ta neman mota da za ta kai mu wani gari, likita ya ce jikinta ba zai ɗauki tafiyar ba. Abin da ya rage mini shi ne ƙanƙara, ita ma daga baya ta daina karɓa.

Fasto ya ce mini hanyoyin Allah sun fi ƙarfin ganewarmu. Gaskiya ya faɗa. Amma tun daga lokacin idan na buɗe labarin tafkin, idona ba ya tsayawa a kan wanda ya ɗauki shimfiɗarsa ya tafi. Sauran nake gani, waɗanda suka kwana a bakin ruwan a ranar, da masu jinyarsu. Ba a faɗa mana abin da ya same su ba. Na daina yin wa'azi a kan wurin. Ban daina karanta shi ba.

Ana zaman makoki a ƙofar gidanmu, matan zumuntar coci suna waƙa a ciki, sai keke napep ya tsaya. Hajja ta fito, ta tallafo wani siririn tsoho mai sanda. Ashe a wajen nas ta tambayi gidan. Ta kawo turaren wuta a kwalba, ta ce a ba 'ya'yana mata. Mijin ya zauna kusa da ni, ya riƙe hannuna, ya yi mini ta'aziyya da Barbarci mai tsawo. Ƙafafunsa sun fara kumbura kuma.

Da za su tafi, Hajja ta tsaya tana murza bakin lafayarta. "Malam, ina jin kunya. Amma an ce ya koma wanki, kuma injin..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta buɗe tafin hannuwanta, shi ma ya buɗe nasa. Na sunkuyar da kai. Su kuma suna jira. Daga baya na ce, "Ya Ubangiji, ga shi nan." Iyakar abin da ya fito ke nan. Suka ce amin.