Littafin Malamin Kimiyya

A shekarun da 'yan bindiga suka matsa wa Faskari, kowa tsoron infoma yake. Ni kuwa dama Allah ya yi ni da zargi, ko kazar maƙwabta ta cika leƙe sai na tambayi wanda ya aiko ta.

Lokacin ne aka turo wa makarantarmu malamin kimiyya daga kudu, ya riƙa zama a majalisarmu bayan la'asar. Hausarsa ta fara da ban dariya. Ranar da ya ce ya sha kasuwar Sabuwa, har da masu riƙe ciki. Amma kafin damina ta fita bakinsa ya miƙe, abin bai kwanta mani ba. Ga wani ɗan littafi da yake zarowa daga aljihu.

Wata rana Alhaji, dillalin shanun unguwarmu, ya ce gobe zai ci kasuwar Ƙanƙara. Ina kallo malamin ya rubuta. Kai! Me infoma ke nema in ba wannan ba? Ban yi shawara da kowa ba, na kai magana gun mai unguwa.

Washegari aka tsare malamin a zauren mai unguwa, 'yan sa-kai biyu na bakin ƙofa. Kowa ya san inda za su kai shi in littafin ya kama shi. Mai unguwa ya miƙo mani ya ce, "Kai ka gani, kai za ka karanta."

Na buɗe. Layi biyu ne, ci da sha. Ci kasuwa, ci jarrabawa, ci amana. Sha iska, sha wahala, sha alwashi. Babu sunan kowa, babu rana. Malamin ya dubi mai unguwa ya ce, "Baba, kalma ɗaya ba ta da wuya. Abokiyar tafiyarta ce ban sani ba sai na ji a bakinku."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Da aka watse ya karɓi littafinsa, ya dube ni.

"Malam, kunya cin ta ake ko sha?"

Na ce, "Sha ake yi."

Ya rubuta, ya mayar aljihu. Bai ƙara zama a majalisarmu ba.