Butar Tagulla da Ruwan Famfo

Edita, ni tsoho ne yanzu, amma lokacin da abin nan ya faru saurayi ne ni, ɗan maƙerin farfaru daga Sabon Birni, wanda ya yi elemantare kansa ya kumbura. Zamanin Turawa ne. Na samu aikin akawu a wani kanti a birnin Sakkwato, ina sa gajeren wando da doguwar safa, ina ji duk ƙasar Gobir babu wayayye kamata. Ranar da za ni tafi, babana ya ba ni butar shayi ta tagulla wadda ya yi mako biyu yana bugunta. Bai yi mini dogon wa'azi ba, ya dai ce in riƙa tafasa ruwa kafin in sha, tunda cikina bai san ruwan birni ba.

A birni na fara ganin famfo, ka murɗa ƙarfe ruwa ya zubo ba guga ba igiya. Na lura sabulu ba ya kumfa da shi, sai na ɗora wa sabulun laifi. Bayan 'yan watanni cikin butar ya yi wani farin ɓawo mai tauri kamar ƙanzo, bakinta ya tsuke, ruwa ya daina saurin tafasa. Wata rana abokan aikina suka zo shan shayi, suka ga farin gari-gari a gindin kofi. Ɗayansu ya leƙa butar ya kwashe da dariya, ya ce ƙarfen ƙauye ne ke ruɓewa, in ban yi hankali ba shi zai kashe ni. Kunya ta rufe ni. Washegari na ba wani falke mai tafiya ƙasar Faransi, can tsallaken iyakarmu ta arewa, butar kyauta, na ɗauko mai fenti ta Turai daga kantinmu. Da na tsaya nan da sauƙi, amma sai na zauna na rubuta wa babana wasiƙa. Na ce ƙarfensa ba shi da kyau, ya kusa ba ni guba, kuma zamanin aikin guduma ya wuce.

Ban tsaya na tuna babana ba ya karanta boko ba. Lori a garin Isa take tsayawa, shi kuma can yake kai kayansa kowace ranar kasuwa, don haka a rumfarsa direba ya miƙa masa. A wancan lokaci wasiƙar ɗa daga birni abin alfahari ce, ana kiran mai boko ya karanta da ƙarfi, jama'a su taru su sa albarka. Haka aka karanta tawa, gaban matan Fulani masu sayen awarwaro da maƙeran da shi ya koya musu riƙon guduma. Amsarsa da baki ta zo ta wurin direban. Ya ce yana gaishe ni, in yafe masa idan na cutu, kuma in aiko masa da butar ya ga inda hannunsa ya kuskure. Ba ni da abin aikawa, sai na bar direban ya koma haka nan.

Ba a daɗe ba butar Turai ta yi irin wannan ɓawo, har ya fi na da kauri. Na kai kuka wurin wani tsoho, kukun Baturen manajanmu. Ya ja ni bayan kicin ya nuna mini tukunyar ruwan zafin Bature, bututunta ya toshe da farin abu ɗin nan. Ya ce ruwan famfon ne, ta cikin farar ƙasa yake biyowa, kuma ko butar zinariya ce sai ta yi haka. Ya jiƙa tsamiya ya zuba a butata, ya ce in bar ta ta kwana. Da safe ɓawon ya ɓare falle-falle, ni kuwa na zauna a ƙasa riƙe da ita, na gane ƙarfen babana ba shi da laifi.

A makon nan ya kamata in hau lori. Ban hau ba. Na ce sai na nemo falken tukuna, don ina jin nauyin zuwa hannu wofi. Na bi zango-zango ina tambaya, babu wanda ya san inda ya nufa. Ina cikin wannan jan ƙafa, damina ba ta ƙare ba aka aiko mini babana ya rasu. Da na je gida, innata ta ce tun ranar wasiƙar bai sake ƙera buta ba. Duk wanda ya zo nema sai ya ce ya dakata, akwai aibin da bai gano ba tukuna. Kowace kasuwar Isa kuma sai ya je ya tsaya inda lori ke sauke kaya.

Har yau idan na ga jikokina suna kankare butar lantarki suna tsaki, kewarsa ce ke kama ni, in ji ina son ko sau ɗaya in sake zama a maƙerarsa ina jan zuga-zugi. Ina roƙon masu karatu, musamman waɗanda suka bar gida suka ga birni, ku bincika kafin ku ɗora wa na gida laifi. Idan kuma kun gane kun yi kuskure, ku tafi a ranar, ko da ba ku da abin riƙewa a hannu. Babana ya shiga kabari yana zaton hannunsa ne ya kuskure, alhali na san gaskiya tun kafin shuka, ban je na faɗa masa ba. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini.