Baffa Lawali da Rijiyar Tafinta

Duk wanda ya san Baffa Lawali a garin nan na Matameye ya san ba ya wuce takarda a ƙasa. Ko sallar Juma'a zai makara, in ya hangi ƴar takarda iska na wasa da ita, sai ya tattare babbar riga ya bi ta a guje. Ranar kasuwa kuwa in kun ga ya sayi ƙosai, ba ƙosan yake so ba, takardar da aka naɗe shi yake so. Sai ya miƙa wa na kusa da shi ƙosan, ya goge man da ke jikin takardar, ya jefa a gafaka. Ga shi ko baƙi ɗaya bai sani ba a boko! Ni ce ƴar wansa, ni ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, saboda haka ni na shiga uku.

"Madam, duba mini nan. Akwai sunan Kaka?"

"Baffa, wannan takardar maganin tsutsar ciki ce."

"To ajiye mini. Shi ma ai yana da ciki."

Kakan da yake nema shi ne Ɗanjimma, kakansa na wajen uba, wanda duk dangi ke ce wa Tafinta. A faɗar Baffa, shi ya yi wa kumandan Bature tafinta a zamanin Faransa, kuma Baturen nan ko atishawa ya yi sai Kaka ya fassara. Daga duk wannan Faransanci, kalma ɗaya ce ta gangaro gado har hannun Baffa: "Wala!" Da ita yake rufe ciniki, da ita yake raba faɗa. An ce ya taɓa shafa addu'a da ita, liman ya yi masa wani irin kallo.

Kun tuna hoton nan da ke rataye a zaurensa? Wurin wani tsohon tela a Damagaram ya samo shi, ya ba da zakaransa a kai. Bature ne zaune kan kujera, gardawa tsaye a bayansa. Baffa ya tara mu duka a tsakar gida ya ce ga Kaka. Muka yi ta nuna mutane ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza kai. Daga ƙarshe ya dangwala yatsa can gefen hoton, inda ya yage. Wallahi ba abin da ya rage na mutumin sai kunne ɗaya da ɗan gefen hula.

Matarsa Inna Rabi ta ce, "Malam, ina mutumin?"

"Ke ba ki ga kunnen ba? Wannan kunnen gidanmu ne!"

Ranar nan ba wanda ya fita sai da aka gwada kunnensa da hoton. Ƙanena Sani nasa bai yi daidai ba, aka yi wata guda Baffa na amsa gaisuwarsa a daƙile.

To, duk wannan dariya muke yi, har shekarar babban farin nan ta zo. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Iyakar ƙasa a rufe, mazanmu da suka saba tafiya cin rani Kano suna zaune a gida suna kallon rumbu fanko. Sojoji suka ce kowa ya kama noman rani. Mu kuwa abin da muke da shi ke nan, wata tsohuwar rijiya a fadamar Dawce, wadda ba ta taɓa ƙafewa ba. Sai wani Alhaji mai motocin haya ya tashi ya ce fadamar ta ubansa ce, zai kewaye ta. Sufurefe mai mulkin yankinmu, wani Kaftin da ko tari ba a yi a gabansa, ya ce duk mai shaida ya kawo. A ranar na ga dariya ta ɗauke a gidanmu. In rijiyar nan ta tafi, ba mu san abin da yara za su ci ba.

Baffa ya ce kada kowa ya damu. Ya zazzage gafakarsa a tabarma, ya zaro wata takarda mai hatimi da ya rantse ita ce shaidar, ya shiga ɗaki neman tabarau, wanda ba karatu zai yi da shi ba. Kafin ya fito, akuyar Inna Rabi ta iso. Kun san awakin shekarar nan, har zane suke ci a kan igiya. Wutsiyar hatimin kawai ya tarar a bakinta.

Bai daki akuyar ba. Igiya ya sa mata, ya ja ta har wurin jandarma, ƴan sandanmu, mu muna biye muna ba shi haƙuri.

Jandarman ya ce, "Baba, me kake so mu yi mata?"

"Ku tsare ta har ta fito da ita."

"To in ta fito da ita, wa zai karanta?"

Baffa ya juyo ya nuna ni. "Ga Madam nan."

Don in kuɓuta daga wannan karatu na ce masa mu tafi Damagaram, akwai ɗakin tsofaffin takardun Turawa a bariki. Muka hau motar haya. Da muka isa ƙofar ɗakin, Baffa ya tuɓe takalma, ya yi wa kantocin takardu sallama da babbar murya. Tsohon da ke tsaron wurin ya amsa masa daga bayan wani tulin littattafai, Baffa ya ja da baya ya kama hannuna, ya raɗa mini, "Kin ji ko?"

Mun sha wuya fa. Gara ta ci wasu, ruwan damunar da ta wuce tun ba a haife ni ba ya manne wasu. Kowane shafi na buɗe sai ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Shi ne?" Na duba littafin ma'aikata, babu Ɗanjimma. Na duba na masu albashi, babu. Tsohon ya ce in gwada na shari'a. Baffa ya ɓata rai, ya ce me zai kai tafinta littafin masu laifi, sai dai in aikin fassara ya je. Can kuwa na gan shi, an rubuta sunan a karkace irin na Turawa, da sunan Dawce a gefe. Na karanta a zuci, na sake karantawa.

Ga abin da ya faru. Tafintan kumandan na gaskiya ne ya kwanta ciwo, sai Kaka ya zo ya ce shi ma ya iya. Aka tafi rangadi da shi. Duk ƙauyen da aka sauka, kumandan ya yi dogon jawabi kan haraji ko gyaran hanya, sai Kaka ya juya ga jama'a ya ce, Bature ya ce a kawo kaji da ƙwai. In jama'a suka kawo kukansu, sai ya juya ga Bature ya ce wala. Haka aka ci rani guda, kumandan na mamakin kyautar mutanen ƙasar, har mai ciwo ya warke asiri ya tonu. Hukuncin da aka yanke masa: ya haƙa rijiya da hannunsa a fadamar Dawce, ya zauna bakinta shi da iyalinsa yana shayar da dawakin bariki, kada a sake ganin ƙafarsa a gari.

Na faɗa wa Baffa a hankali, ina tsoron kada zuciyarsa ta buga. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bin takarda saboda wannan kaka! Ya cire hula ya mayar.

"Madam, ya yi tafintan ko bai yi ba?"

"Ya yi, Baffa. Amma ba ya jin Faransanci."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Sai fuskarsa ta washe. "Allahu Akbar! Ashe ya fi yadda nake zato. Fassara abin da ka ji ai kowa ma ya iya!"

Aka kwafe mana shafin, aka buga hatimi. A mota Baffa ya cusa takardar cikin hularsa, ya ƙi zama kusa da wata mata mai tunkiya.

Ranar shari'a an cika gaban bariki. Kaftin zaune, fuska kamar bai taɓa dariya ba, sojoji tsaye da bindigogi, Alhaji ya zo da shaidunsa cike da mota. Na karanta takardar da Faransanci, sannan da Hausa. Mutane suna ta danne dariya don tsoro. Kaftin ya karɓa ya duba, ya juya ga magatakardansa ya yi wata doguwar magana da Faransanci. Kafin in yi motsi Baffa ya taka gaba, ya gyara riga, ya fuskanci jama'a.

"Kaftin ya ce a kawo kaji da ƙwai!"

Innalillahi! Na ce yau mun kwana gidan kaso. Inna Rabi ta dafe ƙirji. Kaftin ya zuba wa Baffa ido. Sai muka ga kafaɗunsa na motsi, sai ya kife kai a tebur, har hularsa ta faɗi ƙasa. Da ya ɗago yana share hawayen dariya, da Hausa ya yi magana.

"Alhaji, kwashe shaidunka. Wannan jikansa ne, ba sai an rantse ba."

Rijiya ta zauna hannunmu. Muka shuka kabeji da salat da dankali, da su muka fita shekarar.

Amma abin da na fi tunawa ba wannan ba ne. A lokacin mutanen arewa suna ta kwararowa, dabbobinsu sun ƙare, mata da goyo suna zube ƙarƙashin itatuwa. Mu kanmu ba ƙoshi muke ba, Inna Rabi tana auna tsaba da tafin hannu. Sai Baffa ya shigo da baƙi biye da shi, ya tambayi babbansu sunan kakansa. Ko wane suna aka faɗa, sai ya tafa hannu.

"Na gan shi a takardun Damagaram! Shafinsu ɗaya da Kaka. Rabi, ƙara ruwa a tukunya, dangi ne."

Ta san bai iya karatu ba, ni ma na sani, baƙin ma ina jin sun sani. Ba wanda ya taɓa cewa komai. Wasu cikin yaran da suka ci tuwon nan, da gemunsu suka zo jana'izarsa, suna cewa kawunsu ne ya rasu.

Allah ya jiƙan Baffa Lawali, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Yadda bai bar baƙo da ƙishi ba, Allah ya shayar da shi. Amin.