Ranar da tsoho ya ɗanɗana ruwana

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba. Amma safiyar da aka ajiye ruwa kwano uku a zauren Malam, ana so a gane ko ni maƙaryaci ne, wannan kam sai dai a binne ni da ita.

Lokacin ina ga-ruwa a Illela, shekarun da aka rufe iyaka, bayan farin nan da ya cinye dabbobi. Garwa biyu da sanda, su ne duk abin da na mallaka. Ban yi boko ba, ɗan rubutun nan ma a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi. Akwai famfo kusa da tasha, nan nake ɗiba. Masu ɗebo na rijiya da na tafki sun fi ni sauri, amma ni ina taƙama da cewa nawa ruwan gwamnati ne, shi ya sa gidajen manya suka riƙe ni. Babbansu gidan wani malami mai makaranta, shekara huɗu ina cika masu randuna.

Sai gudawa ta shiga gidan. Ta kama wannan ta saki, ta kama wancan, har ta kwantar da jikar Malam, yarinya 'yar shekara biyar. Babanta ma'aikaci ne a Sakkwato. Ya zo a fusace, da kwali cike da ruwan gora da aka samo masa daga Ƙonni, ƙetaren iyaka. Ban taɓa ganin ruwa a rufe kamar magani ba sai ranar. Ya ce shi kaɗai 'yarsa za ta sha. Sannan ya juyo kaina a gaban mutane, ya ce ruwan famfo ana sa masa magani, ba ya cutar da kowa, don haka ni ne nake gudun layi ina ɗebo na tafki ina kawowa da sunan famfo.

Kafin la'asar gida biyu sun aiko kada in sake kai masu. Wanda duk ya san sana'ar nan ya san ba ruwa muke sayarwa ba, yarda ce. In ta zube, sai barin gari.

Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Malam ya ce ba a gidansa ba, ba kuma a kan abin da za a iya ganewa ba. Ya aika ƙauyen Araba a zo da wani tsoho mai haƙar rijiya, wanda ya yi wa mahaifinsa aiki tun Malam yana yaro.

Da safe ya iso bisa jaki, ɗan siriri, idonsa ya yi hazo. Aka miƙa masa goro ya ƙi, ya ce sai bayan aiki. Baban yarinyar da kansa ya shiga ciki ya zubo kwano uku ba wanda ya gani: ɗaya na gora, ɗaya wanda ya tara da hannunsa a famfo, ɗaya daga garwata. Ina gani a fuskarsa wasa ya ɗauki abin.

Tsohon ya kurɓi na farko, ya riƙe a baki, ya daɗe, sannan ya haɗiye. Ya ce wannan baƙo ne, daga ƙarƙashin dutse ya fito, nesa ƙwarai, ya daɗe a rufe kuma rana ta doke shi har ya ɗauki warin mazubinsa. Ba ya kisa, in ji shi, amma shi kam ba zai saya ba. Aka yi dariya, ban da mai gorar.

Ya kurɓi na biyu ya tofar. Ya kurɓi na uku ya tofar. Ya goge baki da hannun riga.

"Waɗanga biyu uwassu ɗaya. Wa ya ɗebo su?"

Baban yarinyar ya ce ɗaya shi ne, daga famfo, ɗaya kuma wa ya san inda wancan ya samo.

"Ɗana, in shi ya yi ƙarya, kai ma ka yi. Akwai tsatsa ciki, akwai baƙar laka, akwai kashin shanu da jini. Mi ya kai ruwan sha mahauta?"

Shekara da shekaru ina shan ruwan nan, ban taɓa jin komai ba sai sanyi.

Tsohon ya ce a nuna masa hanyar da bututun ya bi daga tanki. Ya tuɓe takalmi, muka bi shi, mu kusan goma, har da Malam. Yana tafiya a hankali yana taɓa ƙasa da tafin ƙafa kamar mai neman allura. Bayan kara, wato kasuwar shanu, inda ruwan wankin mahauta yake gangarowa ya kwanta, ya tsaya. Ga ciyawa kore shar a tsakiyar rani, kullum muna wucewa ba wanda ya tambayi dalili. Ya ce a haƙa nan. Ni na karɓi magirbi, don ni abin ya fi ci. Ban kai ƙugu ba na taɓa ƙarfe. Bututun ya tsage, tsagar ta kai tsawon yatsa, yana kwance cikin baƙar laka mai wari. Tsohon ya ce in injin yana aiki bututun yana fesawa waje, in an kashe sai ya zuƙe abin da ke kewaye da shi, da safe mu tara.

Na zauna a bakin ramin. Ba murna nake ba. Abin da nake gani shi ne kafaɗata ce ta kai wannan ƙazanta gida-gida wata da watanni, har da gidana, ina kuma yi wa masu rijiya gori. Kuma ga mutumin da ba ya ganin fuskata sosai, ya ga abin da ke ƙarƙashin ƙasa da harshensa. Na tambaye shi yadda ya yi. Ya ce shekara hamsin yana shiga rami, in bai san ƙasa da baki ba da tuni ta rufe shi. Sai ya ce yanzu a ba shi goronsa.

Baban yarinyar ya zo ya tsuguna kusa da ni, da farar rigarsa, cikin lakar nan, ya ce, "Bawan Allah, na ci mutuncinka cikin mutane. Ka yafe mini." Na ce ya je ya faɗa a gidajen nan biyu, ya kuwa je da ƙafarsa. Shi ya bi maganar a ofis har aka canza bututun. Kafin nan ana tafasa ruwa a gidan, yarinyar ta tashi. Na ci gaba da cika randunansu har bayana ya gaza.

Yanzu ruwan gora da na leda sun cika gari, kowa yana sha ido rufe don ya ga an liƙe bakin. Ni ba na musu da kowa, na gaji. Abin da na koya a bakin ramin nan shi ne, za ka iya faɗin gaskiya tsakaninka da Allah, alhali cuta kake ɗauke da ita a kafaɗa. Tun daga ranar, ko daga ƙarfe ruwa ya fito ko daga roba, sai na tambayi ta ina ya biyo kafin in miƙa wa ɗan wani.